Kuɗin Udoji da Abin da Ya Biyo Baya: Gyaran Aikin Gwamnati da Hanyar Kashe Dukiyar Jama'a

Gabatarwa

Duk wanda ya yi wayo a shekarar 1975, idan aka ce masa "Udoji", kuɗi ne abin da zai fara faɗo masa a rai. Wani zai tuna sabon babur, wani rediyo mai kaset, wani kuma amaryar da ya ƙara. Manomi da mai sana'ar hannu, waɗanda ba su taɓa cin albashin gwamnati ba, su kuwa tsadar kaya za su tuna. Kaɗan ne ƙwarai suke tuna cewa Udoji sunan mutum ne, kuma aikin da aka ɗora masa shi ne gyara tsarin aikin gwamnati baki ɗaya, wanda batun albashi ɓangare ɗaya ne kawai daga cikinsa.

A wancan lokaci ina ƙaramin akawu a sashen kuɗi na wata ma'aikata, a ɗaya daga cikin jihohi shida da aka fitar daga tsohuwar Jihar Arewa a 1967. Aikina shi ne rubuta bauca, da riƙe babban littafin nan da ake shigar da abin da aka ware wa kowane sashe da abin da ya kashe. Kujerar akawu ba ta da daraja, amma duk kuɗin da zai fita ta gabanta yake wucewa. Daga nan na fahimci cewa duk lokacin da aka ce za a gyara aikin gwamnati, abubuwa biyu ake taɓawa, ko an sani ko ba a sani ba: nawa ne zai tafi ga albashi kafin a yi maganar sauran ayyuka, da kuma wane ne zai sa hannu kafin kuɗi ya fita. Waɗannan abubuwa biyu nake so mai karatu ya riƙe a ransa.

Daga Baitulmali zuwa Sakatariya

Wannan al'amari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Gyara na farko da ya taɓa aljihun hukuma a zamanin Turawa shi ne kafa Baitulmali, wanda aka fara gwadawa a Katsina a hannun Razdan Palmer, ya kuma bazu a masarautun Arewa daga 1911. Kafin nan sarki da hakimai suna ɗebe rabonsu ne daga abin da aka tara. Da aka kafa Baitulmali sai aka yanka wa kowa albashi, tun daga sarki har dogari, aka kuma wajabta wa En'e ta rubuta kasafin shekara, Razdan ya duba. Haraji da jangali su ne jarin, kuma kowa ya san iyakarsu. Saboda haka Ma'aji ba ya iya amincewa da ƙarin ma'aikata sai ya ga inda kuɗin zai fito. Ba na cewa En'e ba ta da nata zalunci, talakawa sun sha wuya wajen biyan haraji, amma akwai igiya tsakanin abin da ake tarawa da abin da ake kashewa.

A ɓangaren gwamnati kuwa, tarihin gyaran aiki kusan tarihin rigimar albashi ne. Bayan yajin aikin gama-gari na 1945 aka yi hukumar Harragin. Aka yi ta Gorsuch a tsakiyar shekarun 1950, ta Mbanefo a 1959, sai ta Morgan wadda jinkirin fitar da rahotonta ya jawo yajin aikin 1964. Bayan yaƙin basasa aka kafa ta Cif Simeon Adebo a 1970. Ita ce ta ba da ɗan ƙari, sannan ta shawarci gwamnati cewa ciwon ya wuce na albashi, a kafa wata hukumar da za ta dubi tsarin aikin daga tushe.

Tsarin da muka tarar a sakatariya na Ingila ne. Kwamishina ko Minista shi ne mai siyasa, amma Babban Sakatare shi ne jami'in da alhakin kuɗin ma'aikata ke wuyansa. Idan kuɗi ya fita ba bisa ƙa'ida ba, shi mai binciken kuɗi zai tuhuma, kuma ana iya cirewa daga albashinsa. Abin da ya ba shi ƙarfin cewa "ranka ya daɗe, wannan ba ya cikin kasafi" shi ne sanin cewa ba a korar sa sai da dalili da bin matakai. A zamanin Janar Yakubu Gowon, da babu majalisa, ƙarfin Manyan Sakatarori a Legas ya kai matuƙa. Sunayen Allison Ayida da Philip Asiodu da Ahmed Joda da Ibrahim Damcida sun shahara kamar na ministoci.

Hukumar Udoji

Gowon ya kafa hukumar a 1972 ƙarƙashin Cif Jerome Udoji, lauya kuma tsohon shugaban ma'aikatan Jihar Gabas, wanda ya yi aikin ba da shawara kan tsarin ma'aikata a ƙasashen gabashin Afirka. Ta miƙa rahotonta a watan Satumba na 1974. Tsakanin kafa ta da gama aikinta duniya ta juya. A ranar 1 ga Janairu 1973 aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo. A ƙarshen wannan shekara, sakamakon yaƙin Larabawa da Isra'ila, farashin gangar ɗanyen mai ya tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12. Hukumar da aka kafa a lokacin ƙarancin kuɗi sai ga ta tana ba da rahoto ga gwamnatin da kuɗi ya yi wa yawa.

Rahoton yana da fuska biyu. Fuska ta farko ita ce tsarin albashi na bai-ɗaya, daga mataki na 01 zuwa na 17, wanda ya tattara ma'aikatan tarayya da na jihohi da hukumomin gwamnati a kan tsani guda. Fuska ta biyu, wadda ita ce zuciyar aikin, tana magana ne a kan yadda ake gudanar da aiki. An ce a riƙa yanka wa kowane jami'i abin da ake so ya cim ma a shekara, a auna shi a kai. An ce a daina rubuta rahoton sirri a kan ma'aikaci, a riƙa nuna masa abin da aka rubuta, wanda shi ne asalin fom ɗin auna ƙwazo na shekara-shekara da malamai suka sani. An ce a buɗe wa injiniya da likita da malamin gona hanyar kaiwa ga kujerar Babban Sakatare. Mafi muhimmanci ga mu mutanen kuɗi, an ce a sauya yadda ake rubuta kasafi, ya zama ana farawa da tambayar me ake so a yi, nawa zai ci, me za a gani a ƙasa idan an gama.

Domin mai karatu ya gane nauyin wannan shawara ta ƙarshe, bari in faɗi yadda muke yin kasafi. Idan takardar umarni ta zo daga Ma'aikatar Kuɗi, sai mu ɗauko kasafin bara, mu bi shi layi-layi, mu ƙara wani abu a kan kowane layi, domin mun san za a rage. Ba wanda ke tambaya ko aikin da aka buɗe wa layin yana nan. Shekarar kuɗi a lokacin tana farawa ne a Afrilu ta ƙare a Maris, kuma duk abin da ba a kashe ba yana komawa asusu, sannan a rage wa sashen a baɗi. Don haka watan Maris watan sayayya ne. Na rubuta baucar labule da kujeru da tafireta waɗanda ba wanda ya nema, don kawai kada kuɗi ya koma. Wannan ɗabi'a ce Udoji ya so ya kashe.

Ranar Biya

A ƙarshen 1974 gwamnati ta fitar da matsayinta. Ta karɓi sabon albashi, ta kuma mayar da farawarsa baya zuwa 1 ga Afrilu 1974, wato ariyas na wata tara da za a biya a dunƙule. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 312 zuwa naira 720 a shekara, wato daga naira 26 zuwa naira 60 a wata. Watanni kaɗan kafin haka, a jawabin 1 ga Oktoba, Gowon ya sanar da cewa alkawarin mayar da mulki ga farar hula a 1976 ba zai yiwu ba. Mutane da yawa sun haɗa abubuwan biyu, suka ce an ba ma'aikata zuma ne don su haɗiye maɗaci. Ni ma haka nake gani, ko da yake gaskiya ce cewa albashin ƙananan ma'aikata ya daɗe bai isa ba.

Ba zan manta makonnin da muka yi muna lissafin ariyas da hannu ba, har dare, da fitilar ƙwai idan wuta ta ɗauke. Masinjanmu, dattijo ne mai 'ya'ya da yawa, da aka ƙirga masa kuɗinsa sai ya ƙi karɓa, ya ce a sake dubawa, kada gobe a ce ya ci kuɗin gwamnati. Ni kaina da kuɗin na sayi babur ɗina na farko, saboda haka ba ni da bakin zagin kowa.

Daɗin bai daɗe ba. 'Yan kasuwa sun ji labari kafin kuɗin ya iso, suka yi nasu Udojin. Ma'aikatan bankuna da kamfanoni suka shiga yajin aiki suna neman nasu. Likitoci da injiniyoyi da wasu ƙwararru suka ce an ajiye su a matakin da bai dace da su ba, har sai da gwamnati ta kafa kwamitin Akintola Williams don sauraron ƙorafe-ƙorafe. Hauhawar farashi a 1975 ta haura kashi 30 cikin ɗari. A nan Arewa abin ya zo a mummunan lokaci, domin ba a gama farfaɗowa daga farin 1972 zuwa 1974 ba, sai ga cutar da ta cinye gyaɗa a daminar 1975. Manomin da bai sami Udoji ba ya sayi gishiri da kananzir da atamfa a farashin Udoji. Samari da yawa suka ajiye fartanya suka nufi birni neman aikin masinja ko gadi, don naira 60 a wata ta fi abin da gona ke bayarwa. Dalar gyaɗa ta Kano ba ta sake tashi kamar da ba.

Abin da Ya Sami Kasafin Kuɗi

Nan ne inda nake so in daɗe, domin shi ne abin da ba a cika faɗa ba.

Kasafin gwamnati kashi biyu ne: kuɗin gudanarwa na yau da kullum, wanda albashi ne mafi girmansa, da kuɗin manyan ayyuka irin su hanya da asibiti da rijiya da ajin makaranta. Bambancinsu shi ne, ana iya dakatar da gina hanya bana a ci gaba baɗi, amma ba a iya dakatar da albashi. Duk ƙarin da aka yi wa albashi ya zama bashin da za a biya kowane wata, har bayan ma'aikaci ya yi ritaya, tunda fansho da garatuti a kansa ake lissafa su. Kuɗin mai kuwa yana hawa yana sauka. Wato an ɗauki abin da ba ya tsayawa aka gina abin da ba ya motsi a kansa.

Tsarin bai-ɗaya ya ƙara wani abu. Akawu mai mataki na 04 a Sakkwato ko Maiduguri zai karɓi daidai da takwaransa na Legas. Ta fuskar adalci wannan abu ne mai kyau. Amma jihar da ba ta da kamfanoni da tashar jiragen ruwa ba ta da hanyar tara wannan kuɗi daga cikin gida. A 1975 aka sake dokar rabon arziki, aka rage kason jihohin da ake haƙo mai a ƙasarsu daga kashi 45 zuwa kashi 20, aka zuba saura a asusun da ake raba wa jihohi, rabi daidai-wa-daida, rabi bisa yawan jama'a. Jihohin Arewa sun amfana, babu shakka. Sai dai daga nan hankalin Kwamishinan Kuɗi ya bar kasuwa da gona ya koma kan abin da za a aiko daga Legas. Igiyar nan da na ambata a zamanin Ma'aji ta tsinke.

Sannan tsanin ya yi ta samun masu hawa. A Fabrairu 1976 jihohi suka tashi daga 12 zuwa 19, kowace da ma'aikatunta da Manyan Sakatarorinta da direbobinta. A shekarar aka yi gyaran ƙananan hukumomi, aka maye gurbin En'e da ƙananan hukumomi kusan 300. A watan Satumba aka fara shirin ilimin firamare kyauta na UPE, inda aka yi tsammanin yara miliyan 2.3, sai kusan miliyan 3 suka zo. Kowane aji yana bukatar malami, kowane malami yana da matakinsa. Ba wanda zai ce ilimi ba abin kashe wa kuɗi ba ne. Abin da nake nunawa shi ne, an ɗauki waɗannan alkawura a jere ba tare da an zauna an lissafa abin da za su ci bayan shekara goma ba, kuma irin wannan lissafi shi ne ainihin fuskar rahoton Udoji da aka ajiye. Shi kansa Udoji ya sha kokawa daga baya cewa an ɗauki albashin an bar gyaran.

Sakamakon ya bayyana da kuɗin mai ya ja baya. Gwamnatin Janar Obasanjo ta shiga tsuke bakin aljihu tun wajen 1978. A 1981, bayan yajin aikin ƙungiyar ƙwadago ƙarƙashin Hassan Sunmonu, aka kafa mafi ƙarancin albashi a kan naira 125 a wata, daidai lokacin da kasuwar mai ta fara faɗuwa. A 1982 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kawo dokar tsimi. A littafina na ga yadda abin ke tafiya: da farko a tsayar da manyan ayyuka, sannan a yanke kuɗin alli da magani da man mota, a ƙarshe albashin kansa ya fara makara. Malaman firamare su ne suka fi kowa shan wuya, sun yi watanni ba a biya su ba a jihohi da yawa. Sai ka ga asibiti cike da ma'aikata ba magani, ko malamin gona da babur ba mai. Gwamnati tana biyan mutum, ba ta da abin da za ta ba shi ya yi aiki.

Guguwar 1975

In koma baya kaɗan, zuwa tambaya ta biyu, ta mai sa hannu. Kada a ɗauka Manyan Sakatarorin zamanin Gowon ba su yi kuskure ba. A idonsu aka yi badaƙalar siminti, inda hukumomin gwamnati suka yi odar kusan tan miliyan 20, mafi yawa da sunan Ma'aikatar Tsaro, alhali tashar Legas ba ta iya sauke fiye da wajen tan miliyan ɗaya a shekara. Jiragen ruwa fiye da 400 suka yi layi a teku, ƙasa tana biyan kuɗin jira, simintin yana daskarewa. Don haka da Janar Murtala Muhammad ya karɓi mulki a ranar 29 ga Yuli 1975 ya fara shara, jama'a sun yi murna.

An sallami ma'aikata fiye da dubu goma cikin 'yan watanni, bisa zargin cin hanci ko lalaci ko tsufa ko rashin lafiya. Da yawa a rediyo suka ji sunansu. Akwai waɗanda suka cancanta. Akwai kuma waɗanda tsegumi da gabar ofis suka ci, ba a ba su damar kare kansu ba. A ma'aikatarmu akwai wani babban akanta da aka sani da taurin kai wajen mayar da baucar da takardunta ba su cika ba. Ya shiga jerin. An ba shi kwanaki kaɗan ya fita daga gidan gwamnati, kuma ba shi da ko fili. Mu ƙanana muka taya shi ɗaure kaya.

Marigayi Murtala ya yi abin da ya yi da kyakkyawar niyya, kuma ƙasa ba ta manta da shi ba. Amma darasin da ma'aikata suka ɗauka daban ne da wanda aka so su ɗauka. Sun koyi cewa kujera ba ta da tabbas, don haka mai hankali ya tanadi gida da abin dogaro tun yana kai. Sun kuma koyi cewa cewa "a'a" ga na sama yana da tsada. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Bayan 1975 na ga baucoci suna wucewa waɗanda a da za a mayar da su da jan biro.

Sa Hannu Ya Koma Wurin Minista

A 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, bisa rahoton kwamitin Farfesa Dotun Phillips, ta kafa Doka ta 43. Hujjarta ita ce ƙasa ta koma tsarin shugaba mai cikakken iko tun 1979, amma ma'aikatu suna nan a tsarin Ingila. Sai aka mayar da Minista, ko Kwamishina a jiha, ya zama shi ne shugaban ma'aikata kuma shi ne mai alhakin kuɗinta. Aka sauya sunan Babban Sakatare zuwa Darakta-Janar, aka ce zai tafi tare da gwamnatin da ta naɗa shi. Aka soke kujerar Shugaban Ma'aikata. Aka ba kowace ma'aikata ikon ɗauka da ƙarin girma ga wasu matakai, aka kuma buɗe mata sashen tsare-tsare da bincike da ƙididdiga.

A takarda abin yana da ma'ana: wanda ya yanke shawara shi ya ɗauki alhaki. A aikace kuwa, wanda yake son a kashe kuɗin shi ne kuma mai ba da izinin kashewa, wanda ya kamata ya taka masa birki kuma ya san ranar tafiyarsu ɗaya. An damƙa wa kura ajiyar nama, in ji masu iya magana, ko da yake na yi aiki da kwamishinonin da suka riƙe amana. Ɗaukar ma'aikata ta yawaita, sassa suka hayayyafa. Kwamitin da gwamnatin Janar Sani Abacha ta kafa a 1994 ƙarƙashin Allison Ayida, ɗaya daga cikin Manyan Sakatarorin can na zamanin Gowon, ya ba da shawarar a koma gidan jiya. Aka soke dokar a 1995, aka maido da Babban Sakatare da alhakin kuɗi a wuyansa, aka maido da Shugaban Ma'aikata. Sunan ya dawo, amma mutanen da suka hau kujerar sun riga sun ga 1975 da 1984 da 1988.

Bayan Dawowar Farar Hula

Gyare-gyaren da suka biyo bayan 1999 sun fi karkata ga toshe ƙofofi. A 2003 aka mayar da gida da mota da direba da sauran alfarmar manyan ma'aikatan tarayya zuwa kuɗi a cikin albashi, aka sayar da gidajen gwamnati da yawa. A 2004 aka kawo fanshon adashi, wanda ma'aikaci da gwamnati ke zubawa kowane wata. A 2007 aka yi dokar ba da kwangila, aka kuma fara biyan albashi ta kwamfuta daga wuri guda don gano ma'aikatan bogi. A 2015 aka tilasta wa hukumomin tarayya zuba kuɗinsu a asusun bai-ɗaya a Babban Banki. A wannan shekarar ce kuma, bayan farashin mai ya sake faɗuwa, jihohi da yawa suka kasa biyan albashi har sai da tarayya ta ba su rancen ceto, kamar dai ana maimaita 1982.

Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 18,000 a 2011, naira 30,000 a 2019, naira 70,000 a 2024. Kowane karo, rigimar da ta fi ɗaukar lokaci tsakanin gwamnoni da ƙungiyar ƙwadago ita ce nawa za a ƙara wa na mataki na 07 da na 12 da na 16 idan an ɗaga na ƙasa, wato a kan tsanin nan na 1974 ake ciniki har yanzu.

Kafin in yi ritaya an sa ni cikin waɗanda suka tantance tsofaffin takardun ma'aikatarmu, don a ware na ajiya da na ƙonawa. A can ƙuryar sito muka ci karo da ɗaurin fom-fom na sabon tsarin kasafi da aka rabo mana bayan wata bita a shekarun 1970, kowane da gurbin rubuta manufar aiki da abin da ake sa ran gani a ƙarshen shekara. Igiyar maɗaba'a tana jikinsu, gara ta ci gefe guda. Na nemi a bar ɗauri ɗaya a cikin na ajiya, aka bari.